Wa Ke Riƙe Da Ƙofar Shugaba? Naɗin Muƙarrabai A Ma'aunin Musulunci

  

Kwana huɗu kacal bayan an rantsar da Bola Ahmed Tinubu a ranar 29 ga Mayun 2023, fadar shugaban ƙasa ta fitar da sunaye uku. Femi Gbajabiamila, wanda a lokacin shi ne Kakakin Majalisar Wakilai, ya zama Shugaban Ma'aikatan Fada; Sanata Ibrahim Hassan Hadejia, tsohon mataimakin gwamnan Jigawa, ya zama mataimakinsa; Sanata George Akume, tsohon gwamnan Binuwai, ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya. Ranar 6 ga Yuni Majalisar Dattawa ta amince wa shugaban ya ɗauki mashawarta na musamman 20, a bisa wasiƙar da ta ambaci adadi amma ba ta ambaci suna ko ɗaya ba. Ranar 15 aka sanar da takwas, ranar 19 kuma aka ɗora Malam Nuhu Ribadu a kujerar mai ba da shawara kan tsaron ƙasa. Ministoci, waɗanda hankalin jama'a ya fi karkata gare su, sai ranar 21 ga Agusta aka rantsar da su, su 45. Ke nan ƙasa ta yi kusan wata uku babu minista ko ɗaya, kuma a cikin waɗannan watanni ne aka janye tallafin man fetur, aka kuma bar kasuwa ta yanka wa naira farashi, matakai biyu da babu tukunyar da ba su taɓa ba a ƙasar nan.

Muna tuna abin da ake tattaunawa a ƙofofin masallatai da majalisun unguwa a waɗancan makonni. Lissafi ake yi: Arewa nawa ta samu, Kudu nawa, Musulmi nawa, Kirista nawa, wace jiha aka manta, wane uban gida aka saka wa. Wannan lissafi yana da muhallinsa, domin kundin tsarin mulki da kansa, a sashe na 14, ya wajabta a raba muƙaman tarayya yadda wani ɓangare ba zai mamaye sauran ba, kuma adalci a tsakanin al'ummomi abu ne da shari'a ke so. Sai dai akwai tambayar da da wuya ka ji an yi ta, alhali ita ce magabata suka fi damuwa da ita: a cikin waɗannan mutane, wa zai iya duban idon shugaba ya ce masa ya yi kuskure, kuma wa zai riƙa yanke wanda zai shiga wurinsa da wanda za a tsayar a waje?

Yana da kyau mai karatu, musamman ɗalibi, ya san yadda doka ta bambanta muƙaman nan. Minista, bisa sashe na 147, sai Majalisar Dattawa ta tantance shi, kuma dole kowace jiha ta samu aƙalla ɗaya. Gyaran da aka yi wa kundin a watan Maris na 2023 ya ƙara da cewa dole shugaba ya miƙa sunayen ministocinsa cikin kwana 60, bayan an ga yadda marigayi Muhammadu Buhari ya kai 11 ga Nuwamban 2015 kafin ya rantsar da nasa. Mashawarci na musamman kuwa, sashe na 151 bai ba Majalisa iko a kan komai nasa ba sai adadi da albashi. Shugaba ne ke zaɓensa, shi ke sauke shi, kuma ranar da shugaba ya bar kujera shi ma ya bar tasa. Kujerar Shugaban Ma'aikatan Fada ma kundin bai ambace ta da suna ba. Cif Olusegun Obasanjo ne ya shigo da ita a 1999, a bisa salon fadar shugaban Amurka, ya ɗora Janar Abdullahi Mohammed a kanta. Saboda haka mutanen da suka fi kowa kusa da kunnen shugaba su ne waɗanda babu wanda ya tantance su sai shi kaɗai.

Wanda yake ganin abin ƙarami ne, ya tuna watan Agustan 2019, lokacin da Shugaba Buhari ya shaida wa sababbin ministocinsa a bainar jama'a cewa duk mai neman ganinsa ya bi ta ofishin marigayi Malam Abba Kyari, takardun Majalisar Zartarwa kuma su bi ta ofishin Sakataren Gwamnati. Tsari ne, kuma kowace fada tana buƙatar tsari. Amma ma'anarsa a fili take: minista mai riƙe da kasafin biliyoyi, wanda sanatoci suka yi wa tambayoyi a gaban kyamara, ba ya isa wurin shugaba sai da iznin mutumin da babu sanatan da ya taɓa yi masa tambaya. Tun a watan Oktoban 2016 Hajiya Aisha Buhari ta koka a Sashen Hausa na BBC cewa wasu 'yan tsiraru sun kankane al'amuran gwamnatin mijinta. Ba mu kawo wannan don mu yanke wa kowa hukunci ba. Mutanen biyu sun riga mu gidan gaskiya, Allah Ya gafarta musu, kuma Shi ne Masanin abin da ya gudana a bayan labule. Mun kawo shi ne domin a ga nauyin ƙofa.

Musulunci ya ba waɗannan mutane suna tun kafin a san wani abu wai shi fadar Aso Rock. Sunan shi ne biɗana, kalmar da asalinta a Larabci take nufin shafin riga, wato ƙyallen ciki da ke taɓa jiki wanda mai kallo daga nesa ba ya gani. Imamul Bukhari ya ruwaito hadisi daga Abu Sa'id Al-Khudri (RA) wanda ma'anarsa ita ce duk wanda aka ɗora wa jagoranci, har Annabawa, ba ya rasa makusanta iri biyu, masu jan sa zuwa ga alheri da masu ingiza shi ga ɓarna, kuma tsira tana ga wanda Allah Ya kare. Abin lura shi ne hadisin bai bar wa kowane shugaba damar ya yi zaton fadarsa tsarkakakkiya ce ba. Duka biyun suna nan, a gida ɗaya, wani lokaci a kan tabarma ɗaya. A wani hadisin da Abu Dawud ya ruwaito daga Nana A'isha (RA), an sanya samun waziri mai gaskiya ya zama alamar Allah Yana nufin shugaba da alheri, aka kuma siffanta aikinsa da tunatarwa a lokacin mantuwa da taimako a lokacin da aka tuna.

Bahaushe ya ce ba a mugun sarki sai mugun bafade. Karin maganar yana da rabin gaskiya, kuma mun daɗe muna fakewa da wannan rabin. Duk shugaban da muke ƙauna, idan gwamnatinsa ta gaza, sai mu ce na kewaye da shi ne suka cuce shi. Wanda ba ma ƙauna kuwa, shi muke ɗora wa komai. To amma wa ya kawo bafaden? Wa ya ajiye shi shekara huɗu ko takwas yana ganin abin da yake yi? Alƙur'ani bai sauke wa Fir'auna laifi ba don yana da Hamana da manyan fada masu zuga shi, haka kuma bai sauke wa Hamana nasa ba don shi umarni yake bi. A Suratul Ƙasas an haɗa su biyun da rundunarsu a cikin laifi ɗaya. Zaɓen muƙarrabai shi ne aiki na farko da ake auna sabon shugaba da shi, kuma shi ne aikin da ba zai iya cewa wani ne ya yi masa ba.

Malamanmu na wannan yanki sun fahimci haka sarai. Shehu Muhammad bn Abdulkarim Al-Maghili, a cikin risalar da ya rubuta wa Sarkin Kano Muhammadu Rumfa a ƙarshen ƙarni na 15, ya yi ta nanata gargaɗi guda daga babi zuwa babi, cewa babbar musiba a mulki ita ce sarki ya shamaki kansa daga talakawansa. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, a Kitabul Farƙ, da ya zo lissafa ginshiƙan hukuma guda huɗu, da waziri amintacce ya fara, kafin alƙali da shugaban 'yan doka da mai tara haraji, kuma aikin da ya ba wazirin shi ne farkar da sarki da tunatar da shi. Da mulki ya zo hannun Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, Giɗaɗo ɗan Laima, mijin Nana Asma'u, malami kuma marubuci, shi ya riƙe wazirci, kuma ta ofishinsa wasiƙu tsakanin Sakkwato da masarautun gabas suke bi. Wannan gida ne ya ci gaba da riƙe sarautar har zuwa kan Waziri Junaidu, wanda ya rasu a 1997.

Asalin gargaɗin Al-Maghili yana cikin Sunna. Abu Dawud da Tirmizi sun kawo cewa wani sahabi mai alkunya Abu Maryam ya shiga wurin Mu'awiya (RA) ya sanar da shi abin da ya ji daga Manzon Allah (SAW) game da shugaban da ya toshe ƙofarsa ga barin mabuƙata, cewa shi ma za a toshe masa ranar da yake cikin tsananin buƙata. Nan take Mu'awiya ya naɗa mutum na musamman don karɓar koke-koken jama'a. Ba a hana shugaba ya ajiye mai tsaron ƙofa ba. Sayyidina Umar (RA) kansa yana da nasa, mai suna Yarfa'u. Abin da ake tsoro shi ne ƙofa ta koma katanga. Tarihin Andalus ya nuna iyakar inda abin ke kaiwa. A shekarar 976 aka naɗa Hisham na biyu halifa a Ƙurɗuba yana ƙaramin yaro, sai Muhammad bn Abi Amir, wanda aka fi sani da Al-Mansur, ya hau muƙamin hajibi, wato mai kula da shiga wurin halifa. Ya killace yaron a fada, ya riƙe mulki da kansa har ya rasu a 1002. Gwarzo ne a fagen fama, babu musu. Amma ya bar kujerar halifa fanko, kuma kafin shekara 30 da rasuwarsa halifancin Ƙurɗuba ya wargaje ya koma ƙananan dauloli masu yaƙar juna.

Akwai wani labari a Sahihul Bukhari da muke ganin ya kamata duk wanda aka ba takardar naɗi ya karanta shi kafin ya je ɗinka sabuwar babbar riga. Ibn Abbas (RA) ya ba da labarin cewa mahalarta majalisar Umar da masu ba shi shawara su ne ma'abota Alƙur'ani, tsofaffinsu da samarinsu. A cikinsu akwai Al-Hurr bn Ƙais. Wata rana baffansa Uyaina bn Hisn, shugaban ƙabila mai kaushin hali, ya sauka a wurinsa ya ce ya nema masa iznin ganin Sarkin Muminai tun da yana da fada a wurinsa. Ya nema masa. Da shigarsa sai ya fara zargin Umar da rowa da rashin adalci, har ran Umar ya ɓaci ya yi niyyar hukunta shi. A nan Al-Hurr ya tunatar da shi ayar da ke kusa da ƙarshen Suratul A'araf mai umarni da yafiya da kau da kai daga jahilai, sai Umar ya tsaya cak bai ƙetare ta ba.

Dubi abin da saurayin nan ya yi. Ya buɗe ƙofa ga mutumin da ya san harshensa ba mai daɗi ba ne. Da abu ya ɓaci, bai yi abin da bafade ya saba ba, wato ya riga sarki fushi domin ya wanke kansa. Ya tsaya tsakanin fushin mai mulki da wanda ba shi da kariya, da hujja, cikin ladabi, a daidai lokacin da maganar ke da amfani. Sa'an nan dubi Umar, wanda ya tara irin waɗannan mutane a kusa da shi da gangan, yana sane da cewa za su taka masa burki. Mashawarci irin Al-Hurr ba ya daɗewa sai a fadar da ake son jin irin maganarsa.

Game da sharuɗɗan wanda za a naɗa, malamai sun tattara su a kan abu biyu da suka zo a bakin 'yar dattijon Madyana lokacin da take ba mahaifinta shawarar ɗaukar Annabi Musa (AS) aiki: ƙarfi da amana. Annabi Yusuf (AS) ma da ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya ambata. Ibn Taimiyya ya gina littafinsa As-Siyasatush Shar'iyya a kan waɗannan biyun, ya kuma bayyana cewa ƙarfi yana bin yanayin aiki. Na jagoran yaƙi daban, na alƙali daban. Don haka yawan ibada kaɗai ba ya sa mutum ya cancanci ba da shawara kan kuɗin ƙasa. Abu Zarr (RA), duk da gaskiyarsa da gudun duniyarsa, da ya nemi muƙami Manzon Allah (SAW) bai ba shi ba, ya shaida masa cewa yana da rauni a wannan fagen, kamar yadda Muslim ya ruwaito. Imam Al-Mawardi, wanda ya rasu a shekara ta 450 bayan Hijira, ya kasa wazirci gida biyu a Al-Ahkamus Sulɗaniyya: wazirin da aka miƙa wa ragama yana yanke hukunci da ra'ayinsa, da wazirin da aikinsa isar da saƙo tsakanin sarki da jama'a da zartar da abin da aka yanke. A kan na biyun ya sharɗanta amana da gaskiyar harshe da ƙarancin kwaɗayi da kuɓuta daga gaba tsakaninsa da mutane, domin mai gaba zai ɓata sunan abokin gabarsa a kunnen sarki. Ya kuma halatta wanda ba Musulmi ba ya riƙe wannan kashi na biyu. Ga masu mamaki, Manzon Allah (SAW) a tafiyar Hijira, tafiyar da rayuwarsa ta rataya a kanta, ya ɗauki Abdullahi bn Uraiƙiɗ ɗan jagora alhali yana kan addinin mutanensa, saboda ya san hanya kuma yana riƙe sirri.

Batun dangi da abokai kuwa yana buƙatar adalci. Annabi Musa (AS) ya roƙi Allah Ya sanya ɗan'uwansa Haruna wazirinsa, amma ya faɗi dalili: ya fi shi fasahar harshe, kuma aikin da ke gabansu na magana ne. Umar kuma, da ya kafa kwamitin mutum shida da za su fitar da halifa a bayansa, ya yarda ɗansa Abdullahi ya halarta amma ya cire shi daga waɗanda za a zaɓa. Zumunta ba ta hana cancanta, ba ta kuma maye gurbinta. Sabon shugaba yana da uzuri idan ya jawo waɗanda ya daɗe da saninsu, domin sirrin ƙasa ba a damƙa shi ga baƙo. Inda uzurin ke ƙarewa shi ne lokacin da muƙamin ba da shawara ya zama ladan kamfe, har a wayi gari ana ganin wasu gwamnoni da ɗaruruwan mataimaka na musamman waɗanda da yawansu ba su da ko teburin zama, balle wanda zai tambaye su ra'ayi. Albashin da ake biya daga baitulmali a kan shawarar da ba a nema ba, ba a kuma bayar ba, mai karɓarsa ya tambayi kansa a kan wane aiki yake ciyar da iyalinsa.

A nan ne maganar ta dawo gidajenmu, domin kaɗan ne daga cikinmu za su taɓa naɗa wani, amma da yawa za a naɗa ɗansu ko surukinsu ko maƙwabcinsu. Mun sha halartar walimar taya murna, mun sha jin addu'ar da ake yi a wurin, kuma kusan kullum a kan ɗorewar kujera take tsayawa. Washegari layi ya kafu a ƙofar gida: mai neman kwangila, mai neman a saka ɗansa a aiki, mai neman kujerar Makka, da mu malamai masu neman a ƙarasa mana ginin masallaci ko makaranta. Ba mu cire kanmu ba. Mutumin da muka ɗora wa buƙatun da suka ninka albashinsa sau ɗari, ta yaya zai iya faɗin kalmar da za ta iya raba shi da kujerar? Mun ɗaure masa harshe tun kafin ya isa Abuja, sa'an nan idan ya yi shiru a kan ɓarna mu ce ya ci amanar Arewa. Wanda kuma ya dawo bayan shekara huɗu da tsohuwar motarsa, a unguwa ɗaya za a ce masa sakarai ne, ya je bakin kogi ya dawo da ƙishirwa.

Hadisin Ibnul Lutbiyya, wanda Bukhari da Muslim suka ruwaito, ya isa tsawatarwa ga masu kai kyauta da masu karɓa. An aike shi karɓo zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce kyauta aka yi masa. Manzon Allah (SAW) ya hau mumbari a kan wannan batu, ya nuna cewa da mutumin ya zauna a gidan iyayensa da ya gani ko kyautar za ta zo. Ragon Sallah da buhunan shinkafa da ba su taɓa sanin hanyar gidan mutum ba sai bayan an karanta sunansa a rediyo, kujerar aka kawo wa. Malaman tarihi sun kawo cewa Umar yakan rubuta abin da ma'aikaci ya mallaka a ranar naɗinsa, idan ya ga ƙarin da ba shi da bayani sai ya mayar da wani kaso baitulmali. Fom ɗin bayyana kadarori da Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata ke bai wa masu muƙami a yau, Musulmi ya fi kowa cancantar ya cika shi da gaskiya, domin kakansa ne ya fara shi.

Ɗalibanmu na jami'a da na zaure, waɗanda wasunsu za su riƙe wa manya jaka ko su rubuta musu jawabi nan da 'yan shekaru, su san sunan Raja'u bn Haiwa. Malami ne daga tabi'ai, makusancin halifofin Banu Umayya. A shekara ta 99 bayan Hijira, Sulaiman bn Abdulmalik yana kwance cikin ciwon ajali a Dabiƙ, ya yi nufin barin mulki ga ɗansa ƙarami. Raja'u ne a gefensa. Ya tunatar da shi cewa abin da zai amfane shi a kabari shi ne ya bar wa Musulmi mutumin kirki, har magana ta tsaya a kan Umar bn Abdul'aziz. Aka rubuta wasiyya aka rufe, Raja'u ya karɓi mubaya'ar gidan sarauta a kan abin da ke cikin takardar tun kafin su san sunan da ke ciki. Bai nemi komai wa kansa ba a cikinta. Mulkin Umar bai kai shekara uku ba, amma har yau da shi ake buga misali. Kuma an ruwaito cewa da ya hau, ya gindaya sharuɗɗa ga duk mai son zama a kusa da shi, a cikinsu akwai kada ya yi gulmar kowa a gabansa, kuma ya riƙa kawo masa buƙatar mutumin da ba shi da hanyar isowa da kansa.